Bin Sawun Zafi a Cikin Bangon Ƙasa

Duk wanda ya yi watan Maris a Keffi ya san bambancin ɗakin ƙasa na cikin gari da ɗakin bulo mai rufin kwano, irin waɗanda suka cika bakin hanyar Abuja. Na ƙasa da azahar sanyi ƙalau, sai dare ya yi bangon ya fara amayar da zafin da ya sha. Magina sun daɗe da sanin haka. Amma kauri nawa ke jinkirta zafi awa nawa?

Bafaranshen nan Joseph Fourier ya fitar da ƙa'idar a littafinsa na 1822: zafi yana gangarawa daga inda ya fi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, gwargwadon ratar da ke tsakani. Sai dai rana ba ta tsayawa wuri ɗaya, ga iska, ga yaɓe, don haka da wuya alƙalami kaɗai ya fitar da amsa. Dabarar masana ita ce a yanka bangon sala-sala a lissafi, a gutsuttsura lokaci shi ma. Kowace sala ta karɓa daga maƙwabciyar da ta fi ta zafi, ta miƙa wa wadda ba ta kai ta ba. Kwamfuta ta yi ta maimaitawa har kwana ya zagayo.

A nan tarkon yake. A busasshiyar ƙasar gini, idan kaurin sala santimita 1 ne, takun lokaci kada ya wuce kimanin daƙiƙa 100. Ka raba salar biyu don neman daidaito, takun ya koma 25. Ka ƙetare iyakar kuwa, lambobi su haukace: wannan sala ta tafasa, ta kusa da ita ta daskare. Ba laifin na'ura ba ne. A 1947 Turawan Ingila biyu, John Crank da Phyllis Nicolson, suka kawo hanyar da ke warware salolin duka a tare, tana haɗa zafin yanzu da na taku mai zuwa, kuma ba ta haukacewa komai faɗin takun, ko da yake faɗin na rage daidaito.

Ɗalibin lissafi a Jami'ar Jihar Nasarawa zai iya gwada wannan da ƙaramar kwamfutarsa a yini ɗaya; bango mai santimita 30 zai ba shi jinkirin kusan awa goma. A ganina wahalar tana wajen ƙasar kanta. Jar ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa ba ɗaya take da yumɓu ba, ta damina ma ba ɗaya take da ta rani ba, kuma saurin da zafi ke ratsa kowace sai an je jikin bango an auna.