Garke Kafin Makiyayi: Ƙananan Ikilisiyoyin 'Yan'uwa a Ƙasar Hausa

A yawancin garuruwan ƙasar Hausa, ba fasto ne ke kafa sabuwar ikilisiya ba. Ma'aikacin jinya ne da aka yi wa canjin wurin aiki, da ɗan sanda, da malamar makaranta, da 'yan hidimar ƙasa biyu ko uku, su riƙa haɗuwa ran Lahadi a ɗakin wani daga cikinsu. Wanda ya fi iya karatu ya buɗe Littafi Mai Tsarki, mata su ta da waƙa, a zaga da kwanon baiko. Sai tafiya ta yi tafiya ake fara maganar fasto. Tsakanin haɗuwar farko da ranar da fasto zai sauke kayansa akan ɗauki shekaru, kuma a ganina abin da aka yi a waɗannan shekarun shi ke yanke irin zaman da ikilisiyar za ta yi da mutanen gari.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN. Tushenta na komawa ga wani reshen Kiristanci da ya ɓulla a birnin Zurich a 1525, na mutanen da suka ce ba a yi wa jariri baftisma, sai baligin da ya zaɓa da kansa, kuma mai bi ba ya ɗaukar makami. Reshen 'Yan'uwa ya fara ne a 1708, lokacin da mutum takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka yi baftisma a kogin Eder, a ƙauyen Schwarzenau na Jamus. Daga baya suka yi ƙaura zuwa Amurka, kuma daga can ne Stover Kulp da Albert Helser suka zo Garkida, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya ranar 17 ga Maris 1923. Ikilisiyar ta yi ƙarfi a cikin Bura da Margi da Kilba da Kamwe da mutanen Chibok, ta tsaya da ƙafarta a 1972, hedkwatarta na Kwarhi kusa da Mubi. Yau 'yar ta fi uwar yawa nesa ba kusa ba, domin 'Yan'uwan Amurka ba su kai dubu ɗari ba.

Me ya fito da su daga tsaunukan Adamawa da kudancin Borno? Da farko aikin gwamnati ne da neman ilimi. Makarantun mishan irin na Waka da ke kusa da Biu sun yaye malamai da ma'aikatan asibiti da akawu, su kuwa duk inda aiki ya kai su suna tafiya da ikilisiyarsu. Haka majami'un EYN suka tsaya a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, har Legas. Na biyun kuma bala'i ne. A watan Afrilun 2014 Boko Haram ta sace 'yan mata 276 a Chibok, mafi yawansu 'ya'yan EYN. A ƙarshen Oktoban wannan shekara mayaƙan suka mamaye Kwarhi, shugabannin ikilisiyar suka koma Jos na ɗan lokaci. A 2020 shugabanta na lokacin, Joel Billi, ya shaida wa manema labarai cewa an kashe membobinsu sama da 8,000, an raba sama da 700,000 da gidajensu. A watan Janairun wannan shekarar ne aka kashe Fasto Lawan Andimi na Michika bayan an yi garkuwa da shi. Mutanen da suka watsu ba duka suka koma gida ba. Wasu sun sami gona ko sana'a a inda suka sauka, kuma kowane gungu na neman wurin sujada.

To, a nan ne buƙatar fastoci ta yi karo da hali. Ba wai babu masu karatu ba ne. Makarantar Kulp da ke Kwarhi da kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, wadda aka buɗe a 1959, suna yaye ɗalibai kowace shekara. Matsalar ita ce wa zai riƙe su. A Amurka ikilisiya ce ke kafa kwamiti, ta yi shela, ta tantance masu nema, ta ɗauki wanda ya yi mata. A EYN abin ya bambanta: shugabanni ne ke tura fasto, su ne kuma ke ɗauke shi. Sabon taro yakan fara ne a matsayin reshe a ƙarƙashin wata babbar majami'a, ba ya cin gashin kansa sai ya nuna yana da yawan mutane da kuɗin shiga da wurin da ma'aikaci zai zauna. Saboda haka "neman fasto" a nan na nufin tara baiko, da gina ɗaki biyu a bayan majami'a, da yin sintiri zuwa ofishin gunduma. Ikilisiyar da ke fama da sake gina ɗaruruwan majami'un da aka ƙone a gida kuwa, ba abin mamaki ba ne idan taron mutum arba'in a wani gari mai nisa ya zo a ƙarshen layi.

A ɗauki Haɗeja a auna abin da irin wannan taro zai tarar. Gari ne na Musulmi tun fil azal, mai alfahari da tarihinsa, wanda sarkinsa Muhammadu ya gwammace mutuwa da miƙa wuya ga Turawa a 1906. Kiristocin da ke cikin masarautar 'yan tsiraru ne ƙwarai, kuma galibinsu aiki ko kasuwa ko karatu ya kawo su: jami'an tsaro, ma'aikatan lafiya, masu sayar da kayan gyaran mota da magani, ɗaliban kwalejin Binyaminu Usman ko jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Wannan shi ne cikas na farko. Mutumin da ya zo da takardar canjin aiki, da ita zai tafi. Ma'ajin ikilisiya na bana yana iya kasancewa a Gumel baɗi, kuma idan iyali uku masu albashi suka tashi, rabin baiko ya tafi. Shugaban da ke zaune a Kwarhi yana lissafi, dole ya yi tunani kafin ya tura mutum da matarsa da 'ya'yansa wurin da ba a san ko za a iya ciyar da su ba.

Sai batun fili. Shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN sun daɗe suna kukan wahalar samun takardar mallakar filin majami'a a jihohin Arewa mai nisa. Ga kuma tsoro, wanda ba ya buƙatar dogon bayani: an ƙone majami'u a Dutse a watan Satumban 2006, kuma duk faston da za a tura Jigawa ya ji labarin, ko da shekarun da suka biyo baya jihar na cikin mafi zaman lafiya a Arewa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne sakamakon wannan jira, domin ba duka ne hasara ba. Idan babu fasto, aikin yakan faɗo a kan dattawa da matasa da mata. Su ke wa'azi bi da bi, su ke ziyarar marar lafiya, su ke bin gida gida da addu'a. Zumuntar Matan Ekklesiya, wadda kowa a EYN ya san ita ce ƙashin bayan kowace majami'a, takan riƙe asusu da girkin baƙi da kula da gwauraye, duk da cewa har ikilisiyar ta yi bikin cika shekara 100 a 2023 ba ta naɗa mace fasto ba. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a gidan 'Yan'uwa. Kusan shekara ɗari biyu na farkon tarihinsu ba su da fasto mai albashi. Manomi ko maƙeri ikilisiya ke zaɓa daga cikinta ya yi wa'azi, ran Litinin ya koma sana'arsa. A Habasha ma an ga irin haka: gwamnatin soja ta rufe ikilisiyar Meserete Kristos a 1982, ta ɗaure shugabanninta, lokacin membobinta kusan 5,000 ne. Suka koma taruwa a ɓoye cikin gidaje, talakawan masu bi na jagoranci. Da gwamnatin ta faɗi a 1991 sai aka tarar sun haura 30,000.

Taron da ba shi da albashin biya kuma yana da ɗan abin da zai juya waje. A fadamar Haɗeja ba a rasa inda za a juya shi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta canza. Ambaliyar damina da manoma da masunta suka saba lissafi da ita ta ragu, ruwa ya koma gudana kusan duk shekara, kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Shekarar da aka yi ruwa mai yawa kuma, kogin ya rasa hanya sai ya bi gonaki da gidaje. Haka aka gani a 2020 da 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma, yayin da matasan Haɗeja suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga don kada ruwa ya ci gari. A irin wannan dare ba a tambayar mai ɗauke da buhu inda yake sujada. Ƙaramar ikilisiya ba ta da kuɗin gina asibiti, amma tana da ma'aikacin jinya da zai duba yara a makarantar da aka tsugunar da waɗanda ruwa ya kora, tana da malamar da za ta yi wa yaran unguwa darasin yamma, tana da samari goma da za su shiga aikin gayya.

Tarihi ya nuna cewa ta wannan ƙofar ce Kiristanci ya samu wurin zama a ƙasar Hausa tun farko. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi. Abin da ya sassauta dokar a shekarun 1930 shi ne jinyar kutare: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. A Nijar ma asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 har yau Musulmi ne mafi yawan masu zuwa. Su 'Yan'uwa da asibiti da makaranta suka fara a Garkida da Lassa. Bayan 2014 kuma wasu 'ya'yan EYN suka kafa matsugunin Gurku a jihar Nasarawa, inda Musulmi da Kirista 'yan gudun hijira ke zaune tare, Rebecca Dali kuwa tun kafin nan ta kafa cibiyar da ke tallafa wa gwauraye da marayu ba tare da duba addini ba.

Amma kada a ɓoye ɗaya gefen. Musulmi da yawa na kallon taimakon coci da ayar tambaya, suna ganin ƙugiya ce aka rufe da abinci, kuma tarihin asibitocin kutaren nan bai wanke zargin gaba ɗaya ba, tunda an yi wa'azi a cikinsu, wasu majinyata kuma sun sauya addini. Ikilisiyar da ke kiran kanta ta bishara ba za ta ce ba ta son kowa ya karɓi saƙonta ba. In ta faɗi haka ma ba za a yarda ba. Abin da ke raba gardama shi ne yadda ake yin aikin. Kayan da aka kai ta hannun mai unguwa, aka raba a gaban limami, ba tare da sharaɗi ko takardar wa'azi a cikin buhu ba, maƙwabtaka ce. Wanda aka kira yara su zo su karɓa a cikin majami'a ba da sanin iyayensu ba, neman fitina ne, kuma a gari irin Haɗeja kuskure ɗaya ya isa ya rushe amincin shekara goma. A nan ma'aikacin jinyar da ya daɗe a gari, ya je suna ya je ta'aziyya, ya fi sabon fasto sanin inda iyaka take.

Rashin faston shi ma yana da nasa ciwon, kuma masu bi sun fi kowa saninsa. Baftisma da ɗaurin aure da Jibin Ubangiji aikin naɗaɗɗen fasto ne, saboda haka sai a jira baƙo ya zo daga wani gari. Bukin ƙauna, inda 'Yan'uwa ke wanke wa juna ƙafafu su ci abinci tare, shi ne alamar da ta bambanta su da sauran, kuma inda aka daɗe ba a yi shi ba yara na tasowa ba su san bambancin ba. Rigimar dattawa biyu, wadda sau da yawa ƙabilanci ke ƙarƙashinta, ba ta da mai raba ta. Matasa kuma sukan zame zuwa majami'un zamani masu kiɗa da alkawarin arziki, inda koyarwar ƙin ramuwa ba ta da kasuwa. Wannan na ƙarshen ya fi damuna. Mutanen da aka kashe wa dangi suka kuma ƙi ɗaukar fansa, ba da ka suka yi ba, koyarwa ce aka daɗe ana shukawa, kuma tana buƙatar wanda ya karance ta ya riƙa maimaita ta.

Ranar da faston ya iso kuma wani sabon lissafi ke farawa. Baikon da a da ake sayen maganin zazzaɓi da alli da shi, yanzu zai tafi gidan fasto da babur da kason gunduma da asusun gini. Dattijon da ya yi shekaru yana wa'azi ya koma benci, mata su koma jiran umarni. Faston kuwa yana iya zama mutumin Michika ko Askira da ya iya Hausar coci sarai, amma bai taɓa zaman gari mai sarki da hakimi da majalisar malamai ba, bai san cewa gaisuwar fada tana gaba da buga harsashin gini ba. Kafin ya gane garin, wata takardar ta zo an mayar da shi wani wuri.

Saboda haka tambayar da ta kamaci shugabannin da aka zaɓa a 2024 ƙarƙashin Daniel Mbaya ba ta yawan fastoci ba ce kawai. Akwai hanyar da ta fi dacewa da wurare irin wannan fadama: a ɗauki mutumin da ya riga ya zauna a garin, mai sana'arsa a hannu, a ba shi karatun tauhidi yana gida, irin wanda EYN ta daɗe tana gudanarwa ga masu bi da ba za su iya barin aiki su tafi makaranta ba, sannan naɗaɗɗen fasto ya riƙa zagayowa daga Kano don baftisma da aure. Zai rage wa ikilisiya nauyin albashi, ya bar kuɗin taimako a inda yake. Cikas ɗinsa shi ne martaba: masu bi da yawa ba sa jin sun zama cikakkiyar ikilisiya sai sun ga fasto mai farin wuya da gidansa a harabar majami'a, kuma ɗaliban da Kulp ke yayewa su ma aiki suke jira.