Masu Gadin Sanyi a Ɗakin Bincike

Labarin wani ma'aikaci da ke kwana a bakin firiza ne ya kai ni ɗakin binciken wata jami'a a Arewa. Bayan gaisuwa, wata ɗaliba mai neman digiri na uku ta fito da 'yar kwalba, ruwan cikinta bai fi ɗigo biyu ba.

"Antibodi ke nan," in ji ta. Sinadarin garkuwar jiki ne da aka tace daga jinin zomo, kuma furotin ɗaya yake kamawa, wato kilatirin, wanda Barbara Pearse ta gano a Ingila a 1975. A cikin ƙwayar halitta kaya ba sa yawo sakaka, ƙunshe su ake yi cikin 'yan jakunkuna, kilatirin kuwa shi ke kewaye jakar kamar saƙar kwando har ta tsinke ta shige ciki. Nazarin wannan jigila ne ya sa Rothman da Schekman da Südhof suka sami kyautar Nobel a 2013.

Ɗalibar tana nazarin ƙwayar sammore, wadda ƙudan tsando ke sa wa shanu. Idan garkuwar saniya ta manne mata, sai ƙwayar ta ja ta zuwa gindin wutsiyarta ta haɗiye, da taimakon kilatirin. Da antibodin da wani rini mai ƙyalli ake ganin inda hakan ke faruwa a madubin ƙara girma.

Sai dai antibodi ba ya jure narkewa da daskarewa a kai a kai. A nan dattijon ma'aikacin da ke kwana a bakin firiza ya karɓi zancen.

"Malam, wata shekara da bazara aka ɗauke wuta ranar Juma'a, janareta ya ƙi tashi. Litinin muka tarar komai ya narke. Yaron da ke aiki da antibodin ya zauna a ƙasa yana hawaye. Daga Turai aka aiko mana, kafin wani ya iso an shafe watanni. Tun ranar na sayi kula, na kuma san gidan kowane mai ƙanƙara a unguwar nan."

"Baba, ai kai ne rabin digirina," in ji ɗalibar.

Ya girgiza kai. "'Yata, ni dai ki gama. Ƙanena makiyayi ne, na ga yadda sammore ke ramar da garke."

Lantarkin hasken rana suke fatan samu yanzu, ko da na firiza ɗaya ne. Aikin da ake yi a ɗakin nan ya cancanci fiye da haka.