Filin da Masu Gidaje Suka Hana a Yanka: Darasi Daga Wimbledon

Da an ce Wimbledon, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne gasar ƙwallon tanis da ake yi duk shekara a birnin Landan, wadda 'yan wasanta ke sanya fararen kaya. Masu bin ƙwallon ƙafa kuwa za su iya tuno kulob ɗin Wimbledon da ya doke Liverpool da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na Kofin FA a 1988. To, a wannan unguwa da ke kudu maso yammacin Landan akwai wani abin da ya girmi gasar da kulob ɗin baki ɗaya. Wani makeken fili ne mai faɗin kimanin hekta 460, wato ya fi filin ƙwallo 600 idan aka jera su, ga kurmi, ga tafkuna, ga hanyoyin ƙafa da na dawaki.

A garin da kowane taku na ƙasa yake da tsadar gaske, wannan fili yana nan ba katanga, ba ƙofa, ba mai karɓar kuɗin shiga. Attajiri da talaka, ɗan unguwa da baƙo, kowa shiga yake yi. Ta yaya ya tsira daga masu awon fuloti har fiye da shekara 150? Amsar tana cikin wata yarjejeniya tsakanin masu gidajen da ke kewaye da shi da kuma hukuma, kuma mun ga ya dace mu kawo muku labarinta, ƙannenmu ɗalibai, domin ta shafi filin da kuke buga ƙwallo a bayan layinku.

Mai ƙasa ya zo da shawara

A tsohon tsarin Ingila, irin wannan fili yakan kasance mallakar basaraken yanki ne a takarda, amma mutanen gari suna da haƙƙi a kansa tun kaka da kakanni. Suna kiwo a ciki, suna yin itace, suna ratsawa ba mai tambayar su. Basaraken da ke riƙe da Wimbledon a wancan zamani shi ne Earl Spencer, daga gidan sarautar da Gimbiya Diana ta fito daga baya.

A 1864, Spencer ya tara mutanen yankin ya gabatar musu da shirinsa. Ya ce filin ya lalace, ruwa yana kwanciya a cikinsa, ana zubar da shara, kuma ba shi da tsaro. Don haka yana so ya kewaye kusan eka 700 da shinge ya mayar da su wurin shaƙatawa, ya gina wa kansa gida a ciki, sannan ya sayar da kusan eka 300 ga masu gine-gine domin a sami kuɗin aikin.

Wanda ya ji maganar a sama-sama zai ce ai taimako ne. Amma maƙwabtan filin sun duba ƙasanta. Sun lura cewa kashi ɗaya cikin uku na filin zai tafi har abada, domin ƙasar da aka yi gini a kanta ba ta komawa fili. Ragowar kuma, da zarar an kafa mata shinge, mai mabuɗi ne zai riƙa cewa wane ya shiga, wane kada ya shiga. Abin da yake haƙƙinsu a jiya zai koma alfarmar da ake yi musu a gobe.

Maƙwabta suka tashi tsaye

Mutanen Wimbledon ba su ɗauki sanda ko gatari ba. Kwamiti suka kafa a ƙarƙashin wani ɗan kasuwa mazaunin unguwar mai suna Henry Peek, suka kai kuka majalisar dokoki, suka kuma shigar da ƙara kotu. A 1865 majalisar ta naɗa kwamitin da ya binciki halin da filayen jama'a ke ciki a kewayen Landan, kuma Spencer ya janye ƙudurin da ya kai. A wannan shekarar ce aka kafa ƙungiyar kare filayen jama'a ta Ingila, wadda har yau tana nan da sunan Open Spaces Society. Da shekara ta zagayo, a 1866, aka yi dokar da ta tsayar da killace irin waɗannan filaye a yankin Landan.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata ya ja hankalin duk mai son rubutun insha'i. Peek ya sa gasar rubutu a kan yadda za a kare filayen jama'a, ya ware kyautar kuɗi. Cikin waɗanda rubutunsu ya yi fice har aka buga shi akwai wani matashi ɗan shekara 22 mai koyon aikin lauya, Robert Hunter. Wannan rubutu ne ya buɗe masa hanyar zama lauyan ƙungiyar kare filayen. A 1895 kuma shi da Octavia Hill da Hardwicke Rawnsley suka kafa National Trust, ƙungiyar da a yau take kula da ɗimbin filaye da gaɓar teku da gidajen tarihi a Birtaniya. Kun ga ke nan gasar insha'i ba wasan yara ba ce.

Hana Spencer yin abin da ya so bai kashe maganar ba. Ƙorafinsa na cewa filin ba shi da mai kula gaskiya ne, kuma kula da fili kuɗi yake ci. Sai da aka shafe shekaru ana ja-in-ja kafin a zauna a daidaita.

Wa ke biya, wa ke iko?

A 1871 majalisar dokoki ta zartar da doka ta musamman a kan filayen Wimbledon da Putney, unguwar da ke maƙwabtaka da ita. Spencer ya sauka daga haƙƙinsa, aka yanka masa fam 1,200 duk shekara a matsayin diyya. Masu gidajen da ke kusa da filin suka yarda a ɗora musu wani ƙarin haraji domin biyan wannan kuɗi da kuma kula da wurin. Filin kuma aka damƙa shi ga wata majalisar amintattu, doka ta wajabta mata ta bar shi a buɗe har abada, kada a kewaye shi, kada a yi gini a kansa, a bar shi yadda Allah Ya halicce shi gwargwadon iko.

Wannan tsari shi ke aiki har yanzu, kuma ga yadda yake tafiya. Duk gidan da ke tsakanin kashi uku cikin huɗu na mil daga filin, wato kilomita ɗaya da 'yan kai, ko yake cikin tsohuwar gundumar Putney, yana biyan harajin. Abin da gida ke biya ya danganta da darajarsa, babban gida ya fi ƙarami biya. Amintattun ba sa bin ƙofa-ƙofa da rasit. Ƙananan hukumomi uku da yankin ya ratsa, wato Wandsworth da Merton da Kingston, su ke karɓar kuɗin tare da harajinsu na gidaje, sannan su miƙa.

Amintattun su takwas ne. Biyar daga cikinsu mazauna yankin da ke biyan harajin ne ke zaɓen su duk shekara uku. Sauran ukun kuma ministocin gwamnati ne ke naɗa su: na tsaro, da na cikin gida, da na muhalli. Idan kun ƙirga, za ku ga rinjaye yana hannun mutanen unguwa, amma gwamnati tana da ido a cikin ɗakin.

Hikimar tana nan: kowane ɓangare ya kawo abin da ɗayan ba shi da shi. Masu gidaje suna da kishin wurin, su ke ganin sa safe da yamma, su za su fara lura idan wani ya sauke bulo da daddare. Amma da a ce karo-karo suke yi na ganin dama, da an yi shekara biyu wasu sun gaji sun janye. Ƙaramar hukuma tana da rajistar gidaje da ikon karɓar haraji, sai dai shugabanninta suna canzawa, kuma wata rana buƙatar kuɗi za ta iya sa wani ya kalli filin da idon sayarwa. Da aka haɗa su a ƙarƙashin doka ɗaya, sai kowa ya zama mai tsaron ɗan'uwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya fi burge mu shi ne, biyan harajin bai ba masu gidajen damar hana kowa shiga ba. Yaron da ya hau bas daga wani lungu na Landan, wanda iyayensa ba su taɓa biyan ko sisi ba, haƙƙinsa a filin daidai yake da na mai katafaren gidan da ke kallon wurin. Su ma masu gidajen ba asara suke yi ba, domin suna da iska mai kyau, da inda 'ya'yansu za su yi wasa, ga shi gidan da ke kusa da irin wannan fili ba ya faɗuwa a kasuwa.

Abin da filin ya haifa

A tsakiyar filin akwai wani tsohon injin niƙa mai aiki da iska da aka gina a 1817, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. A gidan da ke jikinsa ne Baden-Powell ya rubuta wani sashe na littafinsa na koyar da sikawut da ya fito a 1908. 'Yan sikawut na makarantunmu, ashe kuna da alaƙa da wannan wuri.

Kulob ɗin da ya ci Liverpool ɗin nan ma a wannan fili ya fara buga wasanninsa bayan kafa shi a 1889. A 2002, da aka amince a ɗauke shi zuwa garin Milton Keynes, magoya bayansa suka fusata suka kafa nasu mai suna AFC Wimbledon. Ba su da filin atisaye, ba su da 'yan wasa. Sai suka yi shelar gwaji a wannan fili na kowa da kowa, matasa fiye da 200 suka hallara. Cikin shekara tara kulob ɗin ya hau har ya shiga rukunin ƙwararru na Ingila. Da an yanka filin a 1864, a ina za su taru?

Yawan masu amfani da wuri yana bukatar ƙa'ida. Akwai masu gadi da ke sintiri a kan dawaki. Akwai kuma fagen wasan golf a cikin filin, kuma dole duk mai buga shi ya sa jar riga, domin masu yawo su hango shi daga nesa su kauce wa ƙwallo.

Harshe da haƙori ma ana saɓawa

Kada ku ɗauka komai lafiya lau yake tafiya. A shekarun baya an yi rikici a kan izinin da amintattun suka ba ƙaramar hukumar Wandsworth na fitar da hanya ta gefen filin Putney zuwa inda tsohon asibiti yake, wurin da aka gina makarantar firamare da gidaje. Wasu mazauna yankin suka ce kuɗin da aka karɓa bai kai darajar izinin ba, har hukumar da ke sa ido a kan ƙungiyoyin jinƙai ta Ingila ta buɗe bincike a 2016. Ɗan tsirin ƙasa ne ake magana a kai, amma mutane ba su yi shiru ba. Wanda yake biya kuma yake zaɓe ba ya jin nauyin tambayar ina aka kai kuɗinsa.

Mu fa?

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san hurumi, wato filin da ake keɓewa a gefen gari ba mai noma shi ko gini a kansa. Sun san makiyaya da burtali da filin Idi da dandali, kuma sun san aikin gayya. Amma yau da yawa daga cikinmu mun ga yadda filin ƙwallon unguwa ke wayar gari da turaku, ko a cike kududdufi a yi shaguna, damina ta zo ruwa ya rasa wurin zuwa sai cikin gidaje.

Dokokinmu ma ba su rufe ƙofa ba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya lissafa samarwa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta ce amana ce gwamna yake riƙe wa jama'a a kan ƙasar jiharsa. Abin da galibi muke rasawa shi ne takarda mai bayyana iyakar fili da sunan masu kula da shi. Filin da kowa ke cewa namu ne, amma ba wanda ya rubuta haka a ko'ina, shi ya fi saurin tafiya.

Ɗalibin sakandare ba shi da kuɗin lauya, amma yana da baki da biro. Ku tambayi Baba mai unguwa cikin ladabi: filin nan da muke wasa, na wane ne, kuma akwai takardarsa? Ku kai batun ƙungiyar muhawara ta makaranta. Ku roƙi iyayenku su zauna da kansila da dagaci a rubuta yarjejeniya, a shata iyaka, a dasa darbejiya a kewaye, a zaɓi masu kula, a riƙa karanta wa jama'a lissafin abin da aka tara. Kuma a rubuta ƙarara cewa yaran wata unguwa ma suna da damar shiga.

Mutanen Wimbledon sun yi shekara bakwai, daga 1864 zuwa 1871, kafin su sami dokarsu. Sun fara ne tun ba a kafa turke ko ɗaya ba. Idan har akwai sauran fili a unguwarku, yanzu ne lokacin tambaya, tun kafin motar yashi ta iso.