Wa Ya Zaɓa Maka Launin Fuskarka a Hoto?

Yau za mu leƙa cikin kyamara, mu ga abin da ke faruwa daga danna maɓalli zuwa fitowar hoto.

Wanda ya je sayen waya, tambayarsa ta farko ita ce megafiksel nawa. Mai shago ya ce 50, wani ya ce 108, sai a miƙa kuɗi. Amma yawan nan ba shi ne kyau ba. A bayan gilashin kyamara akwai ɗan faranti mai kama haske, shi ne sensa, wanda aka rarraba shi gida-gida har miliyoyi, kowane gida miliyan ɗaya shi ne megafiksel ɗaya. Ku ɗauka kwanoni ne aka jera a tsakar gida ana tarar ruwan sama: mai faɗin baki ya fi tara ruwa. Sensar babbar kyamara milimita 36 ce a tsawo, 24 a faɗi. Ta waya galibi ba ta wuce farce ba. Idan aka cusa gidaje miliyan 108 a wannan ɗan wuri, kowanne haske kaɗan zai samu, shi ya sa hoton dare ke fitowa da tsaki-tsaki.

Ga wani abin mamaki: sensa ba ta ganin launi, ƙarfin haske kawai take aunawa. A 1976 Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi rajistar dabarar da har gobe ake amfani da ita, wato a rufe kowane gida da matacin launi guda, rabi kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Sauran launuka biyun da gidan bai gani ba, kyamara ce ke lissafo su daga maƙwabtansa. Daga nan ta daidaita fari, ta goge tsaki, ta ƙara kaifi, ta matse komai ya zama JPEG mai matakan haske 256 a kowane launi, alhali sensar kirki ta rarrabe har 16,384. Ragowar an zubar.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Ango baƙi, cikin farar shadda, ana ɗaurin aure da rana tsaka. Dole kyamara ta zaɓa: ko ta kare aikin wuyan rigar fuska ta dushe, ko ta haska fuska riga ta koma fari fat babu zare ko ɗaya. Wanda ya tsara lissafin shi ya yi wannan zaɓin tun a masana'anta. A da, shekaru da dama ɗakunan wanke hoto sun riƙa daidaita launi da katin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix, ya samu karɓuwa a Afirka har da dalilin gyara kyamararsa don baƙar fata, Google kuma ya fito da tsarin Real Tone a 2021. Ni dai abin da ke ci mini rai shi ne wayar da za ta ɗashe fuskar amarya ba tare da an tambaye ta ba, har kakarta ta kasa gane ta.

Mai ɗaukar hoton biki yana da mafita, wato ɗanyen fayil, RAW, wanda ke ajiye abin da sensa ta auna kafin a taɓa shi. A kwamfuta sai ya ɗaga hasken fuska, ya dawo da aikin riga, ya gyara launin fata yadda idonsa ya gan ta. Sai dai fayil ɗin ya ninka JPEG girma, yana cin lokacin gyara, kuma wurin da haske ya ƙone ƙurmus ba ya dawowa. Yawancin manyan kyamarori suna iya ajiye RAW da JPEG a danni guda, wasu wayoyin ma suna ba da shi da sunan DNG a sashen ƙwararru. Ku duba naku kafin bikin gaba.