Tunawa Da Hajiya Dada, Da Bashin Da Tsofaffinmu Mata Ke Bin Mu

Mu mazauna Yakite a nan Kilomita Biyar, ko da yake a Bangi aka yanke cibiyar yawancinmu, kunnenmu bai taɓa barin ƙasar Hausa ba, inda kakannin da yawa daga cikinmu suka fito da fatauci. Ta akwatin rediyo muka ji cewa ran Litinin 2 ga watan Satumba, 1922 ta cika ta koma 2024 a rayuwar wata baiwar Allah, wato Hajiya Dada 'Yar'aduwa, wadda Allah ya yi wa rasuwa a birnin Katsina tana da shekara 102 a duniya. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta, amin.

Ga wanda bai san ta ba, Hajiya Dada matar marigayi Alhaji Musa 'Yar'aduwa ce, Matawallen Katsina, wanda ya fara da aikin malanta kafin ya zama Ministan Harkokin Ikko a gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ɗanta Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa shi ne mutum na biyu a gwamnatin soja ta Nijeriya daga 1976 zuwa 1979. Ƙanensa Malam Umaru, wanda shi ma ya taɓa riƙe alli, ya yi Gwamnan Jihar Katsina daga 1999 zuwa 2007, daga nan ya zama Shugaban Ƙasa.

To, amma wanda ya tsaya ga muƙamai bai ga komai ba tukuna. A 1993 ta rasa maigidanta. A 1995 gwamnatin Janar Abacha ta kama Shehu, ran 8 ga Disamba, 1997 kuma ya rasu a kurkukun Abakaliki, nesa da gida. Ran 5 ga Mayu, 2010 Umaru ya rasu a kan mulki bayan doguwar jinya. Bayan duk wannan sai da ta ƙara shekara 14 a raye, tana zaune a Katsina, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne suna kewaye da ita, manyan ƙasa na zuwa gaisuwa suna durƙusawa. Ba ta riƙe wani ofis ba, amma ita ce ginshiƙin da ya riƙe gidan lokacin da mazajen suka kau ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya sa wannan labari ya taɓa mu shi ne, mun san irin wannan uwa ido da ido. Kowa ya tuna ran 5 ga Disamba, 2013, da aka wayi gari da harbe-harbe a Bangi, da kuma watannin farko na 2014, lokacin da manyan motoci suka riƙa kwasar 'yan'uwanmu zuwa Cadi da Kamaru. Kilomita Biyar ta zama kamar kurkuku, gadar Yakite ta zama iyakar da ba a ƙetarewa sai da shahada. Mutanen da aka koro daga wasu unguwanni suka cika harabar Babban Masallaci. Har maƙabartar Musulmi da ke unguwar Boeing ta gagara zuwa, sai a 2016 da aka ƙulla yarjejeniya tsakanin unguwannin biyu.

A cikin wannan hali wa ya riƙe mu? A layinmu akwai wata tsohuwa, Allah ya jiƙanta, wadda kowa ke kira Inna, babba da yaro. Da 'ya'yanta suka samo mata wuri a mota, sai ta ƙi shiga, ta sa aka ba wata mai tsohon ciki gurbin. Maƙwabta da suka tafi sun bar mata makullan gidajensu, ta zura su a igiya ta rataye a ɗakinta, ta kuma san na kowa ba tare da rubutu ba. Ita ce ungozoma idan naƙuda ta zo cikin dare babu hanyar asibiti, ita ce mai wankan gawar mata, ita ce ke ɗora tukunyar gozo ta aika masallaci. Marayu uku ta riƙe, mu muka koyar da su da aka sake buɗe makaranta. Ba mu taɓa jin ta tambayi ko sisi ba. Kuma mun tabbata kowane mai karatu, da ya rufe ido, zai ga tasa Innar a nasa layin.

Ran 30 ga Nuwamba, 2015, Fafaroma Faransis ya zo Babban Masallacinmu, 'yan jarida na duniya suka cika unguwa. An ɗauki hoton limamai da manyan baƙi, hakan kuwa daidai ne. Sai dai matan da suka share harabar nan, suka ciyar da masu fakewa a cikinta wata da watanni, ba wanda ya rubuta sunansu. Hajiya Dada ma duniya ta san da ita ne albarkacin 'ya'yanta. Wadda ba ta haifi Shugaban Ƙasa ba fa? Ana gama addu'ar arba'in, shi ke nan, sai labarinta ya bi ta kabari.

Wannan aiki na mata ba sabo ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru, inda dattijai mata da ake kira jaji suke kai karatu ga mata a ƙauyuka. An san da su yau ne domin an rubuta. Haka nan Baba ta Karo, tsohuwa a ƙasar Zazzau wadda ba ta da sarauta ko dukiya. Wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita a 1949 da 1950 tana rubuta tarihinta. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yanzu ana karanta shi a jami'o'i. Da an yi jinkirin shekara biyu, da an yi asara.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malaman makaranta, na boko da na Islamiyya, da mu ba kowane ɗalibi aikin hutu guda ɗaya. Ya ɗauki littafi da biro, ya je ya durƙusa gaban kakarsa ko wata tsohuwa a layinsu, ya tambaye ta inda aka haife ta, da yadda ta zo Bangi, da 'ya'ya nawa ta karɓi haihuwarsu, da marayu nawa ta riƙe. Ya rubuta da harshen da ta yi magana, Hausa ne ko Fulatanci ko Sango. Kada kuma ya je hannu rabbana, ko goro ne ya riƙa mata. Iyaye maza su ma su taimaka, domin gaisuwar da za a yi wa tsohuwa tana ji ta fi yabon da za a yi a zaman makoki.

Allah ya jiƙan Hajiya Dada da Innarmu da sauran iyayenmu da suka riga mu. Waɗanda ke raye, Allah ya ƙara musu lafiya, ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin summa amin.