Lambar Legas a Kan Titin Gumel

Ranar Alhamis ba dabbobi kaɗai ke cika Maigatari ba. Ga tirelolin da za su kwashi shanu zuwa kudu, ga akori-kurar masu riɗi da zoɓo, ga ƙananan motoci, wannan da lambar Kano, waccan ta Legas ko Abuja. Da yawa daga masu ƙananan motocin nan ba baƙi ba ne. Wani ɗan Gagarawa ne da ya yi ritaya a Kaduna ya dawo gida, wani malami ne da ya samu aiki a Kwalejin Ilimi ta Gumel ya kwaso iyalinsa daga Kano. Tambayar da ke damunsu ita ce: tunda mutum ya sauya jiha, sai ya sauya lamba da takardu?

Lamba dai ba a sauya ta don an yi ƙaura. Jiha ce ke sayar da ita, amma tsarin na ƙasa ne baki ɗaya, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato Rod Sefti, wadda aka kafa a 1988, ita ke riƙe da kundin. Haruffa ukun farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista ne kawai: GML Gumel, KMC birnin Kano, KJA Ikeja. Ba su da ruwa da inda mai motar yake kwana. A Amurka ne wanda ya koma wata jiha ake ba shi 'yan makonni ya sake rajista. A nan, motar da ta zo da lambar Legas za ta iya tsufa a Sule Tankarkar da lambarta. Lasisin tuƙi ma haka, yana aiki a ko'ina har wa'adinsa na shekara uku ko biyar ya cika.

Waɗanda ke mutuwa duk shekara su ne lasisin mota, takardar lafiyar mota ta VIO, da inshora. Ana sabunta na farkon a ofishin lasisin motoci da ke ƙarƙashin hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Ni a ganina wanda ya dawo gida ya sabunta a Jigawa ya fi masa. Titinta yake takawa, ita ta fi cancanta da kuɗin, kuma ya huta da ba direban tasha takardunsa ya kai wa wani ejan a Kano wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Kafin ka je, ɗauki tocila ka leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko jikin ƙofa, ka karanta lambar shasi. A motocin zamani haruffa da lambobi 17 ne. Ɗora yatsa a kan takarda ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa mai bugawa ya sa S a wurin 5, ko B a wurin 8, an yi ta sabuntawa a haka shekara da shekaru, sai ranar da aka tsayar da kai a shinge kuskuren ya fito.

Inda ƙaura ke tona asiri shi ne sunan da ke kan takardun. Mota ta bi hannu uku, takarda tana ɗauke da sunan na farko, wanda ƙila ya rasu. A garin da ka baro kowa ya san taka ce; a sabuwar hanya jami'i takarda ya sani. Gyaran shi ne takardar ciniki mai sa hannun shaidu, rantsuwar kotu, sannan sauya mallaka a ofishin lasisi. Takardar biyan kwastam kuwa kada ta rabu da motar. Tun 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, don haka jami'an kwastam na hanyar Maigatari suna da dalilin tambaya.

Inshora ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ita ce mai kuɗi a ciki. Tun 1945 doka ta wajabta ta. Wadda aka tilasta ba ta gyara motarka; wanda ka yi wa ɓarna take biya. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Rauni da asarar rai lissafinsu daban. Babur 3,000 ne, adaidaita sahu 5,000, babbar motar dakon kaya 100,000. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara matsa bincike a kanta a faɗin ƙasa.

To, duk wanda ya ce zai haɗa maka inshorar motar gida a dubu biyar, takarda ya sayar maka. Tana da hatimi, tana da launi mai kyau, babu kamfani a bayanta. Ganewa ba wuya: kamfanonin inshora suna da kundi ɗaya mai suna NIID, ana shiga ta intanet a askniid.org a sa lambar mota. Idan sunan kamfani da ranar ƙarewa ba su fito ba, ka koma wurin wanda ya karɓi kuɗinka tun kafin ka tayar da mota. Abin da ke ba ni takaici shi ne talakan da aka buge wa babur ko amalanken shanu a hanyar Gumel, a zauna sulhu a gaban mai unguwa, mai mota ya rantse ba shi da ko sisi, a ce a yi haƙuri. Da takardar gaskiya ce, da rahoton 'yan sanda da hotunan wurin da sanar da kamfani a kan lokaci sun share masa hawaye.

Inshorar da ka yanka a Legas tana aiki a Jigawa har ta ƙare. Sanar da kamfanin sabon adireshi da lambar waya ya isa. Abin da ya zama dole ka faɗa musu shi ne idan aikin motar ya sauya. Mai ritaya da ya fara ɗaukar fasinja ranar kasuwa don ya rage kuɗin mai ya fita daga sharaɗin motar gida, mai lamba da shuɗin rubutu, ya shiga na haya, mai jan rubutu. Idan tsautsayi ya faɗa da fasinja a ciki, kamfani na iya ƙin biya.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai takaful, inda masu biya ke zuba kuɗi a asusun taimakon juna. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yanka ta mota.

Iyakar da ke sauya hukunci da gaske tana arewacin Maigatari ne. Mai tsallakawa zuwa Dungas ko Damagaram ya shiga ƙarƙashin wata doka. Don irinsa ne ƙasashen ECOWAS suka amince da katin inshora mai ruwan ƙasa a Kwatano a 1982, kuma farashin 2023 ya haɗa da shi. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Saboda haka mai zuwa biki ko sayen raguna a can ya nemi kamfaninsa ya ba shi katin a hannu, ya kuma sa su rubuta masa cewa za su biya idan abu ya faru a ƙasar Nijar.