Ba Kowace Matata Ke Tare Gubar Masana'anta Ba

Duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Challawa ko Bompai a Kano ya san ruwan da ke fita daga magudanan masana'antu: yau baƙi, gobe ja, ga wari mai hawa kai. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, na Sharaɗa kuma ya bi Salanta ya sauka kogin Challawa. A gaɓar rafukan nan ake noman rani na latas da alayyafo da albasa, nan kuma makiyaya ke shayar da dabbobi. Launi da wari mutane ke gudu, alhali abin da ya fi illa sau da yawa ido ba ya ganinsa.

Cikin irin wannan ruwa akwai kuromiyam na majemu da kostik na marina. Akwai kuma wasu da ba a cika maganarsu ba, wato sinadaran narkarwa, dangin tina da masu fenti ke tsinka fenti da ita. Masana'antun fenti da gam da tawada da magunguna ba sa rabuwa da su. Wasu suna taɓa hanta da ƙoda da jijiyoyi, benzin kuwa an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Alam ba ya kwantar da su, domin sun riga sun narke. Tafasawa ma ba magani ba ce: tana tayar da su cikin iska a shaƙa, kuromiyam kuma yana nan daram a tukunya.

Ɗaya daga hanyoyin da injiniyoyi suka dogara da su ita ce matatar roba mai siririn ido. Ku ɗauko yadin tatar koko a ranku, sai dai wannan da dangin leda ake yinsa, kuma kaurin silin gashi ɗaya ya ninka faɗin ƙofofinsa sau dubbai. Famfo ne ke danna ruwa da ƙarfi, mai kyau ya ratsa, dauɗa ta tsaya. Wasu masana biyu, Loeb da Sourirajan, su ne suka ƙera ta farko mai amfani a Jami'ar Kalifoniya wajen 1960, don cire gishiri daga ruwan teku. Jikokinta ne ke cikin injinan gidajen fiya wata da yawa a yau.

To a nan gizo ke saƙar. Matatar ta roba ce, aikin sinadarin narkarwa kuwa narka roba. Idan ruwa ya zo da shi da yawa, matatar gama-gari sai ta kumbura, ƙofofinta su buɗe, guba ta wuce salin-alin, ruwan kuma ya fito garau kamar ba komai. Ko lafiyar matatar ƙalau, wasu ƙananan sinadarai irin su metanol sukan sulale ta cikinta. Shi ya sa ake haɗa roba ta musamman mai jurewa, kamar foliyimaid da aka ɗaure zarenta da juna, a kuma ƙara da gawayin tacewa. A 1998 wata matatar mai a Beaumont ta jihar Texas a Amurka ta fara amfani da irin wannan wajen ƙwato sinadarin narkarwa daga man inji ta sake aiki da shi. Ashe abin da ake zubarwa a kwata kuɗi ne.

Saura tambayar da ta fi damuna: ina ake kai abin da matata ta tare? Tacewa ba ta kashe guba, tara ta take yi wuri guda, ta fi da kauri. Kamfanin da ya tace da rana ya juye ragowar a rafi da dare bai tsinana komai ba. A garin Tirupur na Indiya, rini ya lalata kogin Noyyal har Babbar Kotun Madras ta rufe marina sama da 700 a 2011, sai wadda ta daina sakin ko ɗigo za ta buɗe. Gaskiya aikin na cin wuta da kuɗi, amma ba hujja ba ce ta a juye wa talaka asarar a gonarsa.

A Najeriya akwai hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tare da ma'aikatun muhalli na jihohi, kuma binciken ruwan masana'antu na cikin aikinsu. Jama'a, kada ku yi ban ruwa ko wanki ko shayar da dabba da ruwan da ya fito daga masana'anta, komai haskensa. Ku guji sayen duro da jarkar da aka zuba sinadari don ajiye ruwan sha. Idan rijiyar unguwa ta fara warin tina, a daina sha, a sanar da mai unguwa, a kai ƙorafi ga hukuma a rubuce, a nemi a gwada ruwan.